Lambar Mahaifin Ottmar

Hiltrud ta ture farantin kek gefe, ta warware tawul a kan teburin Gernot. Banati ne na ado, wato wuƙar bakin bindiga, irin wanda 'yan sandan zamanin da suke ratayawa ranar fareti, ƙotarsa ta ƙahon barewa.

Gernot bai ɗauko tabarau ba. Shekara arba'in yana tara irin waɗannan wuƙaƙe, duk garin Solingen babu wanda ya fi shi idon gane su. Wannan kuwa ya san shi. Na amininsa ne, Ottmar, mijin Hiltrud, da aka binne wata biyu da suka wuce.

Ottmar bai taɓa ganin mahaifinsa ba. Ɗan sanda ne da yaƙi ya haɗiye, abin da ya bari kawai lambar banatinsa a wata takarda. Shekara ashirin Ottmar yana bin kasuwannin tsofaffin kaya yana neman lambar nan. Ya rasa aiki, ya rame, Hiltrud har ta fara haɗa kayanta. Sai wata Asabar, yana tone wani akwatin tarkace a kasuwar garin Wuppertal, ya ci karo da banatin mai ɗauke da lambar. Nan ya durƙusa yana kuka. Daga ranar ya dawo mutum.

"Da shi a ƙirjinsa ya cika," in ji Hiltrud. "Na kai shi gidan tarihi kamar yadda ya yi wasiyya, suka ce ƙarfen tsoho ne, amma lambar daga baya aka buga."

Gernot ya ajiye kofinsa a kan faranti.

"Shekara goma sha biyar yana sumbatar ƙarya, Gernot! Kullum sai ya ce wa abin nan, 'Baba, ina kwana.' Wane marar imani ne zai yi wa maraya haka?"

"Amma ai ya samu natsuwa," ya ce a hankali.

"Natsuwar banza! Wa ya sani ko na gaskiyar yana kasuwa ta gaba? Ka san kowa a harkar nan. Nemo min shi, in dubi idonsa."

Ya yi mata alkawari. Ya riƙe mata kwat, ya raka ta har bakin titi.

Da ya dawo, ya daɗe a tsaye kan banatin. Ya shafa bakwai ɗin da ke ƙarshen lambar, wadda ta ɗan karkace tun ranar da shi da kansa ya buga ta.