Ranar da Umma ta tsefe kai

Ina ɗan shekara tara, muna zaune a unguwar Old Airport, wani maƙwabcinmu ya saka mana kaset ɗin fim ɗin Japan. A nan na haddace dokarsu: matar da ta mutu takan dawo cikin farin zane, gashi a sake, ruwa na ɗiga, kuma duk wanda ya yi mata magana tafiya take da shi.

Lokacin Umma ta kwana goma a asibiti, ba mai gaya mini komai. Da la'asar na tura ƙofar gidanmu, sai ga ta tsaye bakin banɗaki: farin zane, kai a tsefe, ruwa ɗis-ɗis a kan tayil. Ban taɓa ganin kanta ba kitso ba. Gaskiya gashin fatalwar Japan ƙasa yake zuba, na Umma kuwa sama ya nufa, amma ina tsoro ya bar ni na lura? Ƙirjina ya buga har masunta can bakin teku a garin Wakra sai da suka ji.

Na san dokar. Duk da haka na rarrafa na ƙanƙame ƙafarta ina kuka. "Umma, ga shi na yi magana. Ki tafi da ni."

"Ina za ni da kai a tsefe? Tashi ka miƙo mini man kitso, sakarai."

Ashe sallamarta aka yi da azahar.

Yanzu Umma ta daɗe da rasuwa. Idan yarana suka kunna irin fim ɗin nan, rufe ido suke yi. Ni kuwa matsowa nake, ina leƙen fuskar fatalwar.