Tambayar Lif

Tun da sabuwar doka ta zo Chengdu, lif na hawa bene ba ya buɗewa sai ya tambayi mutum, "An gamsu?" an amsa da e.

Wata rana tura ta kai wa Qiao Lanfen, likitar haƙori, bango. Ruwan famfonsu jawur yake zuwa, 'yarta tana ta gudawa.

"Lanfen, ki ce e kawai," in ji mijinta. "Muna da gida da mota. Kada ki jawo a kori yarinyar nan daga makaranta."

"Ban gamsu ba," ta ce wa lif ɗin. Ƙofa ta ƙi motsi.

Ta bi matakala tana huci, sai ta tarar da ita cike da maƙwabtanta, cikin kayan ofis, suna sauka shiru. Ta gaishe su da murna. Ba wanda ya yarda ya ɗago kai.