Yajin Kallon Bango

A shekarar 1956 malaman elementare na ƙasar Wudil suka miƙe tsaye don kare mutuncin sana'arsu. Tsayuwar dai da fuska a jikin bango aka yi ta, kuma ina cikin sahu.

Sabon tsari ne ya jawo. Ofishin ilmi ya ce daga yanzu ba za a ƙara wa malami albashi don kawai ya ƙara shekara a duniya ba. Mai duba makarantu zai zo ya yi masa tambayoyi baki da baki a gaban ajinsa. Wanda ya amsa ya sami ƙari, wanda ya kasa ya tsaya inda yake, in ya sake kasawa a sallame shi. Mu da muke jarraba 'ya'yan mutane kullum safiya, a ranar muka gano ashe jarrabawa wulaƙanci ce.

Ran Juma'a, in an sauko daga masallaci, mukan taru a rumfar wani mai goro a kasuwa. Malam Isyaku, wanda ya fi mu Turanci da ƙarfin murya, ya ce lalle a ɗauki mataki. Kowa ya yarda. Ba wanda ya faɗi matakin.

Wanda aka fi ji wa tsoro shi ne Malam Gwadabe, abokin aikina a wata 'yar makaranta can wajen Utai. Dattijo ne da aka yo wa canji daga nesa, ba shi da satifiket, kuma saura ƙiris ya ajiye aiki. In aka sallame shi kafin nan, fansho ya bi ruwa. Turancinsa kuwa yana nan inda ya ajiye shi tun yana saurayi. Sai ga shi da shi za a fara.

Mai dubawar sabon hannu ne, Malam Labaran Yelwa. Yelwar sunan garin da ya tashi ne, yadda 'yan boko kan yi. Ya iso da hantsi a kan keke, ya jingine shi, ya doshi ajin Malam Gwadabe. A bakin ƙofa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Barka da aiki, Malam," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

Malam Gwadabe ya juya ya fuskanci bango.

"Malam Bilya," ya ce da ni, "ka ce wa wancan an gode."

Na isar da saƙon, ko da yake tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba. Mai dubawa ya jawo tambaya ta farko, idonsa a ƙasa. Malam Gwadabe bai juyo ba. Mai dubawa ya soma ta biyu, bai kai ƙarshenta ba.

"Ka ce masa yara suna jira," in ji Malam Gwadabe, yana nazarin wata tsaga a bangon.

Mai dubawa ya tashi ya fita da baya da baya. Ya zauna gindin bishiya, ya ɗan yi wa 'yan aji tambayoyi, ya ce ni sai wani zuwan, ya hau kekensa. Na ce a raina, shi ke nan, dattijo ya yanka wa kansa tikitin gida.

Wata bai cika ba ƙarin Malam Gwadabe ya fito.

Juma'ar nan rumfar mai goro ta yi mana kaɗan. Na ba da labari, na ɗan ƙara masa gishiri, don a bakina mai dubawar har rawar jiki ya yi. Malam Isyaku ya hau kan benci ya ce wannan ita ce turjiya cikin lumana, kuma ya faɗi sunanta da Turanci. Aka ɗaga hannu, aka amince kowa ya bi sawu.

"Ni fa ban ce kowa ya yi ba," in ji Malam Gwadabe.

Muka ce dubi tawali'u irin na manya.

Mai dubawa ya ci gaba da zagaye, ya bi ta Darki, ya shigo cikin gari, ya komo kaina. Duk ajin da ya shiga, sai malami ya ba shi ƙeya, ya sa a ce wa wancan an gode. Sai dai bai tuɓe wa kowa takalmi ba. Yakan yi tambaya, ya maimaita, ya jira cikin ladabi, ya tafi. Ba wanda ya sami ƙari a cikinmu, gargaɗi kuwa ya wadaci kowa. Malam Isyaku ya yi nazari mai zurfi, ya ce wataƙila mun cika matsawa kusa da bangon.

Ran Sallah muka ɗunguma gidan Malam Gwadabe don mu ji inda muka yi kuskure, tun da zagaye na biyu yana tafe, kuma shi ne mai sallama. A ƙofar gida muka ga keke. A cikin zaure ga mai dubawa durƙushe, ga mai gida ya ba shi ƙeya, ga wani dattijo, Ɗantani, ƙanen Malam Gwadabe da ya zo daga Yelwa, yana kai magana tsakaninsu.

"Kun gani ko?" in ji Malam Isyaku cikin raɗa. "Har gida ya biyo shi ban haƙuri."

Da Ɗantani ya fito, Malam Isyaku ya tare shi, aka gaisa, aka tambayi hanya da mutanen gida, sannan ya ce, "Baba, don Allah mene ne sirrin dabarar nan ta yayanka? Mu mun gwada, ba ta ci ba."

Tsohon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, mu masu ilmi.

"Wace dabara? Yaya ai tun da yaron nan ya zo duniya bai taɓa haɗa ido da shi ba, balle ya kama sunansa. Ɗan farinsa ne."