Koriyar Fitilar Ɗakin Ƙarshe

Kai da kake cewa ƙwan fitila ɗaya ne kawai ya lalace, a bar shi, gyara zama ka ji. Wata mai kiwon kaji tana da ɗakuna goma sha biyu, kowanne da fankarsa, don a zafin bazara kaza ba ta jure tsayawar iska. Ta gaji da zagaye a rana, sai ta sa wani mai gyaran rediyo ya haɗa mata allo: kowane ɗaki da 'yar fitilarsa koriya, in fanka na juyawa ta kama, in ta tsaya ta mutu. 'Yar ƙwaƙwalwar lantarkin da ya samu, baƙa mai ƙafafu kamar kyankyaso, ƙafa huɗu kacal suka rage mata. Mutumin gwani ne, ban raina shi ba. Ya saƙa fitilun duka a kan wayoyi huɗun nan, kowace waya ta ratsa fitilu da dama, ƙwaƙwalwar tana kunna su ɗaya bayan ɗaya da saurin da ido ba ya kamawa. Kai ka rantse tare suke ci.

Ana nan ɗigon ruwa daga rufin kwano ya taɓa fitila ɗaya, ta fara kyaftawa. Matar ta aika masa, ya ce, "Haba Hajiya, ƙwai ɗaya? Sai na shigo gari." Ya manta saƙar hannunsa. Fitilar ta ƙone ta ciki, ta zama gada, wutar da aka aika wa maƙwabciyarta ta riƙa tsallakawa tana kunna ta ɗakin ƙarshe. Ran da rana ta fi ƙuna, fankar ɗakin nan ta tsaya tun hantsi. Matar na zaune a rumfa tana duban allo, kore shar, hankalinta kwance. Da la'asar ta ɗauki dusa ta nufi can, ta ji shiru. Ta tura ƙofa, ga kajin jibge a kan juna, baki buɗe, ko ɗaya ba ta motsi. Kajin da ta yi renonsu tun suna 'yan tsaki, da hannunta ta kwashe su a baro ta kai rami. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Da ta dawo rumfa, fitilar ɗakin na nan tana ci.

To, tashi ka canza ƙwan nan yanzu. Abin da ke tafiya a waya ɗaya, lalacewarsa ma ɗaya ce. Hausawa sun gama magana: wake ɗaya shi ke ɓata gari.