Jar Fitilar Dogo

"Yaya, ta kama!" Dogo ya daka tsalle.

Tun safe shi da yayansa suke fama da jar fitilar akwatin sauya sautin jita da Dogo ya haɗa da kansa.

Yayan bai yi murna ba. Ya buɗe tafinsa, sai ga batirin akwatin, bai mayar ba.

"Kar ka taɓa komai, Dogo. Wutar lantarkin gida ce ke bin wayar nan."

Suka bi wayar da ido. Daga tsohuwar sifikar da ke jone a bango, ta ratsa akwatin, ta shige falo, inda take jone da jitar mai wayoyin ƙarfe.

Muryar matar Dogo ta taso daga can: "Maigida, jitar nan taka duk datti! Bari in goge wayoyinta da jiƙaƙƙen tsumma."