Gaisuwa a Tsaye

Tun da aka daina ɗaukar gajeru aikin ofis, layin asibitin ƙara tsawon ƙafa ba ya yankewa. Haladu ya bi layin bara, ya fito da ƙarin taƙi guda, da ƙarfe a ƙwauri.

Yau ya rako ƙanensa Tasi'u wajen Inna, ta sa masa albarka kafin a yi masa nasa aikin. Tasi'u ya durƙusa, tsohuwar da idonta ya tafi ta shafa kansa. Haladu kuwa gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, sai ya gaishe ta a tsaye.

Ta miƙa hannu tana lalube, ta kamo wandonsa.

"Haladu, ina kan naka? Shekara guda ban taɓa shi ba."

Ya dubi ƙanensa da ke shirin miƙewa.

"Tasi'u, kada ka tashi tukuna. Bari ta ƙara shafawa."