Kifayen da Suka Ƙi Magani

Ka ce yaron ya canja. Ka yi faɗa, ka yi duka, yanzu kuma kana shirin sauya masa makaranta. Dakata tukuna, ɗana, in ba ka misali.

Wata mata ce mai ɗinki, mahaifinta ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, ta ɗauko shi daga ƙauye ta kafa masa gado a falonta. Da ƙarfinsa masunci ne. Yanzu magana ba ta fita, hannu ba ya ɗaguwa, wuni yake yana kallon bango. Sai ta sayo masa akwatin gilashi da ƙananan kifaye masu launi, da ɗan injin da ke hura musu iska cikin ruwa. Tun ranar tsoho ya samu abin kallo. Ba ya karɓar kunu sai an fara zuba wa kifaye nasu abincin. In sun yo sama suna wawaso, shi ma sai ya buɗe baki. Ana nan, damina ta kankama, kifaye suka fara ciwo. Suka daina wawaso, suka naɗe fiffike, suka riƙa taruwa a saman ruwa suna haki kamar waɗanda aka koro. Ɗaya ya koma iyo a karkace, yana dukan gilashi da kai. Wata safiya ta tarar biyu sun juya ciki sama. Ta yi maza ta kwashe su kafin tsoho ya farka, amma wa zai ɓoye wa masunci kifi? Ya dubi akwatin, ya dube ta, ya kau da kai daga cokali.

Hankalin matar ya tashi. Ta ruga wajen wanda ya sayar mata, ya ce ƙila ƙurajen fata ne, ya ba ta wani shuɗin magani, ko da yake ita ba ta ga ƙurji ko ɗaya a jikinsu ba. Maƙwabciya ta ce gishiri. Wani ya ce sanyin damina ne, a sirka musu ruwan ɗumi. Wata da ta kawo ɗinki ta ce baki ne, a rufe akwatin da zane. Babu wanda ba ta gwada ba. Ruwa ya yi shuɗi kamar na marina, kifaye na ta ragewa, tsoho kuma kullum kunun da yake sha raguwa yake, har wuyan hannunsa ya zama kamar kara. Tana kan keke tana ɗinki, kunnenta yana falo. Ta farke rigar mutane ta sake ɗinkawa, ta kuma farkewa. Ba kifin ne ke cinta ba. Gani take in na ƙarshe ya mutu, mahaifinta ba zai sake buɗe baki ba. Da wani jan kifi ya kwanta a ƙasan akwatin, da ƙyar yake motsi, sai ta ɗebe shi a roba da ruwan tulu ta kai ɗakin ajiya, don kada ya mutu a idon tsoho. Bai mutu ba. Kwana kaɗan ta leƙa ta tarar yana zagaya roba, har yana neman abinci. Ta yi hamdala, ta mayar da shi cikin 'yan'uwansa. Gari na wayewa, ga shi a saman ruwa yana haki.

Nan ta tsaya cak da kwalbar magani a hannu. A roba ba ta sa masa komai ba ya warke. A nan ta zuba komai yana mutuwa. Ashe ciwon ba a jikin kifi yake ba. Ta ajiye kwalbar, ta durƙusa, ta dubi saman ruwan ta gefen da hasken taga ke faɗowa. Sai ta ga wani maiƙo-maiƙo ya shimfiɗu a kai, ga matattun sauro suna yawo a ciki. Ta tsoma yatsa ta sansana, ta ji warin maganin sauro. Tun da ruwan sama ya sauka sauro ya addabi tsoho, shi kuwa ba hannun kore shi. Saboda haka duk magariba takan fitar da tsoho baranda, ta rufe tagogi, ta feshe falo da maganin sauro har sai ya turnuƙe. Injin nan kuwa bai san mai kyau da mugu ba, abin da ya shaƙa a ɗaki shi yake hura wa kifi. Ta dafe kai ta ce, “Wayyo Baba, ashe ni ce.” Ranar ta sayo gidan sauro ta ɗaura masa, ta buɗe tagogi, ta daina feshi, ta daina zuba magani. Ta wanke matatar da ke tace ruwan akwatin ta sa mata gawayi, ta riƙa rage tsohon ruwa kaɗan-kaɗan tana cikawa da wanda ya kwana a tulu. Waɗanda ciwon ya ci ƙarfinsu sun tafi. 'Yan kaɗan suka rage, suka sauka daga saman ruwa, suka ware fiffike, tsoho kuma ya koma cin abincinsa.

To, kafin ka sake ɗaga wa yaron nan hannu, koma gida ka zauna, ka duba me ya shigo ɗakin da yake numfashi a ciki, ko da kai ka shigo da shi da kyakkyawar niyya. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, ruwa ba ya tsami banza.